Yadda ake gyaran rufin azara na tsohon soro a Tawa

A duba rufi a watan Mayu, kafin ruwan farko. A shiga ɗaki a ƙwanƙwasa kowace azara da bayan gatari. Mai lafiya ƙara take yi, wadda ta ruɓe sai ka ji lus. Azarar namijin giginya gara ba ta cika cinta ba, abin da ke kashe ta shi ne laima a kanta da ke cikin bango. Can za a fara tonawa.

In za a canza, a tokara rufin da gungume tukuna, a cire ɗaya, a sa ɗaya. Kada tazarar da azara ke ɗauka ba tallafi ta wuce kusan mita 2. Shi ya sa magina na da ke ɗaure baka, wato lanƙwasasshen gini mai tallafe rufi, a babban ɗaki, kamar na masallacin garin Yama, a jihar Tawa, da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962.

A sama, a kankare tsohon yaɓe kafin a ɗora sabo, in ba haka ba nauyi ya lanƙwasa azara. Siminti kuwa a bar shi, tsagewa yake ya riƙe ruwa. A gyara indararo, bakinsa ya zarce bango da kamu ɗaya.