Kurakuran da Ke Hana Matuƙi Samun Aiki a Babban Kamfanin Jiragen Sama

Duk matuƙin da babban kamfanin jiragen sama ya kira intabiyu, an riga an yarda ya iya tuƙi. Lasisinsa ya nuna haka, awoyinsa ma sun nuna. Abin da kamfanin yake son ganowa shi ne ko za a iya dogara da maganarsa, kuma ko wani kyaftin zai zauna kusa da shi awa goma a ɗakin tuƙi hankalinsa kwance. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake sallama, takarda da baki ne suke kayar da su tun kafin a ga hannunsu. Abin yana ci mini rai, domin mutum ya zuba shekaru da dukiya mai yawa kafin ya iso wannan ƙofa, sannan ya rasa ta kan abin da zai iya gyarawa a zaune a gida.

Littafin awoyi da takardu

Nan ake fara tuntuɓe. Takardar neman aiki ta ce awa kaza, takardar tarihin aiki ta ce wani abu, littafin awoyi kuma ya ce wani daban. Sau da yawa ba ha'inci ba ne, kuskuren lissafi ne da ya faru a wani shafi shekarun baya, aka yi ta jan sa gaba. Amma mai tantancewa ba shi da hanyar sanin haka. Abin da yake gani kawai shi ne mutumin da lambobinsa ba sa haɗuwa, alhali aikin da yake nema na lissafin mai ne da nauyi da tsayin titin jirgi.

Ka ware lokaci tun watanni kafin ka nema, ka bi littafin shafi-shafi. Inda ka ga kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda tsohon rubutun zai karantu, ka rubuta daidai, ka sa kwanan wata da hannu. Kada ka goge, kada ka shafe da farin ruwa, kada ka cire shafi. Awoyin na'urar kwaikwayon tuƙi, wato simuleta, su zauna a gurbinsu, kada su shige cikin jimillar awoyin sama. Kada kuma ka cika lamba: 1,487 ba 1,500 ba ce.

Akwai wani tarko a awoyin shugabancin jirgi. A Amurka doka ta ba matuƙi damar rubuta awa a matsayin ta shugaba idan shi kaɗai ke riƙe da sitiyari a jirgin da yake da izinin tuƙawa, ko da wani ne ke da alhakin tafiyar. Manyan kamfanoni kuwa galibi awoyin da kai ne ka sa hannu ka ɗauki nauyin jirgin suke nufi. Karanta yadda kowane kamfani ya fassara abin a fom ɗinsa, ka raba awoyin gida biyu idan ya kama.

Wasu kuma ƙa'idar wata ƙasa suke ɗauka su auna wata. A Amurka, lasisin ATP da ake buƙata don tuƙa jirgin fasinja yana neman shekara 23 da awa 1,500, ciki har da 500 na tafiya tsakanin garuruwa, 100 na dare da 75 na tuƙi da na'urori kaɗai. An tsaurara wannan ne bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan Air kusa da birnin Buffalo na Amurka a 2009, wanda ya ci rai 50, dokar kuma ta fara aiki a 2013. Akwai sassauci: awa 750 ga matuƙan soja, 1,000 ko 1,250 ga waɗanda suka yi karatun jirgi a makarantun da aka amince da su. A Turai kuwa matashi yana iya hawa kujerar mataimaki da awa 200 ko makamancin haka, idan ya ci jarabawowin rubutu na ATPL, wato takwaran lasisin ATP a can, ya kuma yi kwas ɗin aiki da abokin tuƙi. Lasisin wata hukuma ba ya aiki kai tsaye a ƙarƙashin wata sai an sauya shi, kuma kamfani zai tambayi izinin zama da aiki a ƙasar kafin komai. Cika mafi ƙarancin sharaɗi ma ba ya nufin za a kira ka. Kamfanin Delta na Amurka ya daina wajabta digiri a 2022, amma ya ce har yanzu ya fi son mai shi. Ka riƙa sabunta takardarka duk lokacin da awoyi suka ƙaru, domin wadda aka bari ta kwana biyu tana nuna mai ita ya haƙura.

Ɓoye faɗuwa

Wannan shi ne mafi muni, kuma tsoro ne ke kawo shi. Mutum ya taɓa faɗuwa jarabawar tuƙi, ko wani kamfani ya sallame shi a tsakiyar horo, ko an taɓa kama shi da laifin tuƙin mota. Fom ya tambaya ƙarara, sai ya rubuta babu, yana fatan ba za a duba ba.

Za a duba. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kamfanoni neman bayanan matuƙi daga wuraren da ya yi aiki a baya, yanzu kuma FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, tana da rumbun bayanai na kwamfuta da ake tara tarihin horo da jarabawa da ladabtarwa. Ana duba rajistar direbobi ta ƙasa. Matuƙin da aka hukunta kan tuƙin mota cikin maye yana da kwana 60 ya sanar da FAA da kansa. Ƙarya a littafin awoyi ko a takardar lafiya tana iya jawo a soke lasisi gaba ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan sana'a kuma ya fi ƙurewa.

Kamfanoni ba don son wahalar da mutane suke tsananta wannan ba. A watan Fabrairun 2019 wani jirgin kaya samfurin Boeing 767 na Atlas Air ya faɗa ruwa kusa da birnin Houston na Amurka, mutum uku da ke ciki suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa mataimakin matuƙin ya ɓoye wa kamfanin wani ɓangare na tarihin matsalolinsa na horo a wuraren da ya yi aiki. A 2020 kuma ministan sufurin jiragen sama na Pakistan ya shaida wa majalisa cewa akwai shakku kan lasisin matuƙa 262 cikin 860, abin da ya sa Turai ta rufe wa kamfanin ƙasar ƙofa na shekaru. Duk wanda ke zaune a teburin intabiyu ya san waɗannan labarai.

Abin da mai ɓoyewa bai gane ba shi ne, faɗuwa ɗaya a jarabawa ba ta cika hana aiki ba. Matuƙa da yawa da ke tuƙa manyan jirage a yau sun taɓa faɗuwa. Yadda ka ba da labarin shi ne ake aunawa. Faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka faɗi naka laifin a ciki, ka faɗi abin da ka sauya a shirinka, sannan ka nuna jarabawowin da ka ci bayan nan. Kada ka ɗora wa mai jarabawa, ko iska, ko jirgin, ko da kuwa kana ganin an zalunce ka. Da zarar ka ce mai jarabawar ne ba ya son ka, wanda ke sauraro ya ji yadda za ka yi magana ranar da ka yi kuskure da fasinja 200 a bayanka.

Haka batun lafiya. Takardar lafiya mai daraja ta ɗaya sharaɗi ce, a Amurka kuma mai amfani da lasisin ATP a matsayin shugaban jirgi yana sabunta ta duk wata 12, ko duk wata shida idan ya kai shekara 40. Bayan da mataimakin matuƙi ya faɗar da jirgin kamfanin Germanwings da gangan a Faransa a 2015, inda mutum 150 suka rasu, Turai ta wajabta gwajin halayyar ƙwaƙwalwa kafin matuƙi ya fara aiki da kamfani. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin dalilin yin shiru kan damuwa ko maganin da suke sha. Ina ganin wannan hanya ce mai haɗari ga matuƙin da kuma waɗanda ya ɗauko. Cututtuka da dama ana ba da izinin tuƙi da su idan an bayyana, an kuma bi matakan likita. Ka ga likitan jiragen sama da wuri, ka kai masa takardunka cikakku.

A ɗakin intabiyu

Tambayoyin da suka fi yawa su ne masu cewa, ba mu labarin lokacin da ka saɓa da kyaftin, ko lokacin da ka yi kuskure, ko lokacin da ka karya wata ƙa'ida. Mutane suna haddace amsoshin da suka samo daga waɗanda suka riga su, su zo su karanto. Masu intabiyu sun ji wannan amsar sau tari, tambaya ɗaya ta biyo baya kuma takan rusa ta. Koma littafin awoyinka ka tsamo labarai na gaske, bakwai ko takwas sun isa, ka gwada faɗinsu da baki a gaban wani har kowanne ya tsaya a minti biyu zuwa uku. Kada a ce duk labaran kai ne gwarzon da ya ceci jirgi. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba, ko dai bai lura ba ne ko ba ya faɗin gaskiya, kuma kamfani ba ya son ko ɗaya.

Tambayar kyaftin tana da tarihi. A 1977 jirage biyu samfurin Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife na Spain, mutum 583 suka mutu, kuma an nuna damuwa a ɗakin tuƙi amma ba da ƙarfin da zai tsayar da kyaftin ba. A ƙarshen 1978 jirgin kamfanin United ya ƙare da mai kusa da birnin Portland na Amurka, kyaftin ya shagala da matsalar tayoyi, sauran ba su iya sa shi ya ji batun mai ba. Daga irin waɗannan ne aka gina horon haɗin kan ma'aikatan jirgi da ake kira CRM. Saboda haka idan aka ce maka kyaftin ya nufi sauka jirgin bai daidaita ba, me za ka yi, amsa biyu ce ke kayarwa: shi ne babba, zan bar shi, ko kuma zan ƙwace jirgin nan take. Ana son a ji ka bi mataki-mataki. Ka faɗi abin da kake gani da lamba, gudu ya yi yawa da kaza. Idan bai amsa ba ka ƙara murya, ka kira sunansa. Idan an kai ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko 500 a sarari, jirgi bai daidaita ba, ka ce a fasa sauka a sake hawa. Karɓar jirgi shi ne na ƙarshe, idan ya daina amsawa ko ƙasa ta matso.

A tambayoyin fasaha, kada ka yi kame-kame. Idan ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi littafin da za ka duba. Jirgin da kake tuƙawa yanzu kuwa ba ka da uzuri a kansa. Ka kuma farfaɗo da lissafin ka: saukowa daga ƙafa 30,000 tana son kusan mil 90, uku ga kowace dubu. Turancin rediyo ma a kula da shi, mataki na huɗu cikin shida na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, shi ne mafi ƙaranci, kuma yana da wa'adin ƙarewa.

Inda ake gwajin simuleta, sau da yawa jirgin da ba ka taɓa tuƙawa ba za a ba ka, da gangan. An san za ka yi tangal-tangal a mintunan farko. Ana kallon ko kana gyaruwa, ko kana yi wa abokin tuƙinka bayani kafin ka fara, ko kana ba shi aiki, ko za ka fasa saukar da ta lalace. Wanda ya yi kuskure ɗaya ya tsaya yana cizon yatsa, sai na biyu da na uku su biyo. Haddace lambobin ƙarfin inji da kusurwar hancin jirgi da aka aiko maka, idan kuma ka daɗe kana dogara da na'urar da ke tuƙi da kanta, koma ka motsa hannunka kafin ranar.

Direban da ya ɗauko ka da mai karɓar baƙi suna cikin kamfanin, ana kuma jin ta bakinsu. Shafukanka na sada zumunta ma ana leƙawa. Takardar shaida daga wanda kuka yi tuƙi tare ta fi ta babban mutumin da bai taɓa ganin ka a ɗakin tuƙi ba.

Bayan an ce an ɗauke ka

Tayin farko na sharaɗi ne. Sauran binciken tarihi, gwajin ƙwaya da na lafiya, sannan horon samfurin jirgin, a kamfanoni da yawa kuma shekarar farko ta gwaji ce. Kada ka ajiye aikin da kake yi sai ka ga ranar fara ajin horo a rubuce, kuma ka rabu da tsohon wurin lafiya, domin za a tambaye su. Idan akwai yarjejeniyar biyan kuɗin horo ga wanda ya bar aiki da wuri, karanta ta sosai kafin ka sa hannu. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya samo maka gurbin intabiyu, ka tuntuɓi kamfanin ta shafinsa na ainihi kafin ka ba da ko kwabo.

Kada ka ɗage ranar aji ba tare da babban dalili ba. A manyan kamfanonin Amurka da wasu da dama, ranar da ka shiga ita ce lambarka a layi har ka yi ritaya a shekara 65. Ita ke yanke jirgin da za ka tuƙa, garin da za ka zauna, hutunka, da lokacin da za ka zama kyaftin. Idan kasuwa ta faɗi, kamar bayan 2001 da kuma 2008, daga ƙasan layi ake fara sallama. Jinkirin wata biyu a lokacin da ake ɗibar matuƙa da yawa yana iya sa mutane masu yawa a gabanka har ƙarshen aikinka.

Idan kuma ba a ɗauke ka ba, yawancin kamfanoni suna barin a sake nema bayan wani wa'adi, galibi wata shida zuwa shekara. A ranar da ka fito, rubuta duk tambayar da aka yi maka da amsar da ka bayar tun ba ka manta ba. Idan ka dawo za a tambaye ka me ya sauya tun zuwanka na farko, kuma ana son a ga amsar a littafin awoyinka: ƙarin awoyin shugabanci, sabon samfurin jirgi, ko aikin koyarwa.