Darasi na 9: Gyaran dausayin bakin teku, ruwa tukuna kafin dashe

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau darasin zai kai mu nesa da Daura, can kudu inda kogin Neja ke rarrabuwa ya faɗa teku, wato Neja Delta, su Ribas da Bayelsa da Delta. Wani zai ce mu da ko tekun bamu taɓa gani ba ina ruwanmu? To busasshen jatan landen nan da ake aunawa a kasuwa daga can yake zuwa, kuma yadda ake gyaran dausayinsu akwai abin ɗauka a ciki ga mai fadama.

A bakin teku ruwa baya zama wuri ɗaya, sau biyu a yini yake hawowa ya rufe taɓo sannan ya janye. A cikin taɓon nan mai gishiri ne bishiyar mangurof ke rayuwa, saiwoyinta a waje suke tsaye cirko-cirko sama da laka, ƙananan kifi da ƙaguwa da jatan lande a nan suke ɓuya har su yi ƙwari, saiwoyin kuma su riƙe ƙasa su rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gidajen mutane. Duk Afirka ba ƙasar da ta kai Najeriya yawan wannan daji. Amma ana sara don girki da bandar kifi, ana cike wurin da yashi a yi gini, ga malalar ɗanyen mai. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ɓarnar mai a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas, tace gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga kuma nifa, wata dangin kwakwa da aka kawo Kalaba a 1906 wai don ta tare zaizayar ƙasa, yanzu duk inda aka sare mangurof ita ke rigan kowa zama.

To ya ake gyara? Yawancin mutane da an ce gyaran daji sai su ce a kawo iri a dasa, a kira 'yan jarida a ɗau hoto shikenan. Gaskiya nan ake asarar kuɗi. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004 an dasa mangurof birjik a Siri Lanka, da yawa suka mutu, don an dasa su inda ruwa ke shanye su ko inda ruwan baya kaiwa sam. Ita bishiyar nan tana da iyakarta, tsakanin inda ruwa ke tsayawa in ya cika da rabin hanyar janyewarsa, ka sauka ƙasa da haka ta nutse, ka hau sama ta bushe.

Don haka tambayar farko ita ce me ya kashe na da? In titi ne ko bangon kududdufin kifi ya toshe hanyar ruwa, a fasa a sa kwalbati ruwa ya koma shige da fice. In mai ne a cikin laka, sai an tsaftace tukuna. In nifa ce a tumɓuke ta, a riƙa tsince 'ya'yanta dake yawo kan ruwa. Sau da yawa da an yi wannan ma ba sai an dasa komai ba, don irin mangurof tun yana jikin uwarsa yake tsirowa, dogo siriri kamar ɗan zogale, ya faɗo ruwa ya kai shi ya kafe a laka. Sai in ba manyan bishiyoyi a kusa ne ake tsinto irin a soka da hannu lokacin da ruwa ya janye, kashi ɗaya cikin uku a laka sauran a waje. Haka mutanen ƙauyuka suka yi a Kazamans ta ƙasar Senigal, miliyoyi suka dasa.

Sai maganar mutane, wadda ni a ganina ta fi dashen wuya. Wurin na waye? Matar dake sarar itace don ta banda kifi, in ka hana ta baka bata wata hanya ba wallahi da dare za ta dawo, kuma ba laifinta bane. Dole a zauna da masunta da mata da masu sarauta kafin a taɓa laka, a kuma sa masu zagayawa suna ƙirga wanda ya rayu har shekaru, ba ranar biki kaɗai ba.

Mu dawo gida. Dausayin Haɗeja da Nguru ya shiga matsala bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ta saba zuwa ta tafi ta canza, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kun ga nan ma ruwa ne asalin zancen. Fadamarmu kuwa yashi ne ke binne ta, daga kwazazzabo yake gangarowa duk damina, ga masu tifa na kwasar ƙasa a gaɓar rafi. Wanda ya dasa mangwaro a gindin fadama ya bar kwazazzabo a sama, damina biyu yashi ya rufe mashi. Daga sama ake farowa, a jera duwatsu a tare gudun ruwa, a dasa jema ko gamba a gefen rafi, bagaruwa a bayansu, itacen turare kam a nisanta shi da fadama don shan ruwa gare shi. Kuma a bar ma makiyaya burtali da mashaya tun a zaman farko gaban mai unguwa, in ba haka ba shanu za su shiga dashen rigima ta tashi.

Aikin gida: kowa ya je fadama ko tafkin da ya fi kusa da shi, ya tambayi dattijo ɗaya ina ruwa ke kaiwa a da, ina yake tsayawa yanzu, kuma wane wata yake ƙafewa. A rubuta amsar a layi 5, a zana hanyar da ruwan ke bi ya shigo, a kawo ranar Asabar.