Darasi na Tara: Karanta Lambobin Wuri a Na'urar GPS

Idan ma'aikacin gona ya auna fili, ko masu haƙa rijiyar burtsatse suka tsayar da wurin da za su haƙa, sukan rubuta lambobi biyu a takarda. Lambobin nan su ne adireshin wurin a doron ƙasa. Na farko sunansa latitud, na biyu lonjitud. Na'urar GPS, ko wayar hannu mai taswira, tana samo su ne daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama. Sai ta kama saƙon aƙalla guda 4 kafin ta tantance inda kake.

Latitud da lonjitud

Latitud yana gaya maka nisanka arewa ko kudu da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu. A kan layin, lambar sifili ce. Tana hawa har digiri 90 a ƙarshen arewa, haka ma a ƙarshen kudu. Lonjitud kuwa nisanka ne gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a birnin Landan, wanda aka amince da shi a wani taron ƙasashe a Washinton a 1884. Shi yana kaiwa digiri 180 ta kowane ɓangare.

Na'ura tana nuna harafi: N arewa, S kudu, E gabas, W yamma. Kano tana wajen digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas.

Hanyoyi uku na rubutawa

A nan mutane suka fi tuntuɓe, don haka mu natsu. Digiri ɗaya yana da minti 60, minti ɗaya yana da sakan 60, daidai da agogo. Ga latitud ɗin wuri guda an rubuta shi iri uku:

12° 31' 30" N, wato digiri, minti da sakan.
12° 31.500' N, wato digiri da minti mai ɗigo.
12.525, wato digiri mai ɗigo kaɗai.

Duka ukun abu ɗaya suke faɗa. Ƙaramin zagayen nan na sama shi ne alamar digiri, karan tsaye ɗaya alamar minti, biyu kuma alamar sakan. Tsofaffin taswirori sun fi amfani da ta farko. Na'urorin hannu da yawa suna zuwa a kan ta biyu. Wayoyi sun fi son ta uku.

Wanda ya yi aikin awa ɗaya da rabi, agogo zai ce 1:30, amma a lissafi 1.5 za a rubuta, domin minti 30 rabin 60 ne. Haka digiri yake. Saboda haka 12° 30' daidai yake da 12.5, ba 12.30 ba. Idan wani ya karanto maka "sha biyu, talatin" ta waya, kai kuma ka buga 12.30, na'ura za ta fahimci digiri 12 da minti 18. An yi asarar minti 12 ke nan. Minti ɗaya na latitud ya kai mita 1,850, don haka ka kauce da kilomita 22. Motar haƙa rijiya za ta iya sauka a wata ƙaramar hukuma daban, alhali babu kuskure a lamba ko ɗaya da aka rubuta. Shi ya sa nake roƙon kowane ɗalibi: kada ka karɓi lambobi sai ka tambayi mai ba ka, "Wane tsari ne a na'urarka?"

Yadda ake juyawa

Daga minti da sakan zuwa ɗigo, rabawa ake yi da 60. Ɗauki 12° 31' 30". Raba sakan 30 da 60, ka sami 0.5. Haɗa da minti 31, ya zama 31.5. Raba 31.5 da 60, ka sami 0.525. Ɗora a kan digiri 12, ga 12.525.

Komawa baya kuwa ninkawa ce. Ɗauki 8.6125. Ajiye 8 a gefe, digiri ne. Ninka 0.6125 sau 60, ka sami 36.75. Minti 36 ke nan. Ninka ragowar 0.75 sau 60, ka sami sakan 45. Amsa: 8° 36' 45". Kalkuletar waya ta isa wannan aiki. Na'urorin GPS ma suna da wurin sauya tsari a cikin saitinsu.

Kada ka yi ƙyashin rubuta lambobin bayan ɗigo. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne. In ka tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, ka nuna yanki mai faɗin kilomita guda. Lamba huɗu ta kawo ka cikin mita 11. Mai auna iyakar gona ya rubuta biyar.

Sauran wuraren kuskure

Latitud ake fara rubutawa, sannan lonjitud. In ka juya na Kano, ka buga 8.5 kafin 12, taswira za ta kai ka kusa da Ganye a Jihar Adamawa, fiye da kilomita 500 daga inda ka nufa. Kuma na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, tunda can ma wuri ne.

A tsarin ɗigo sau da yawa ba a sa harafi. Alamar ragi ce ke nuna kudu ko yamma. Najeriya da Nijar suna arewa da ikwaita, gabas da Girinwic, ba ruwansu da ita. 'Yan uwanmu na Ghana kuwa dole su kula, domin layin Girinwic, wato sifilin lonjitud, ya bi ta Tema, kuma yawancin ƙasar tana yamma da shi. Lonjitud ɗin Tamale wajen -0.85 ne. In aka manta alamar, an faɗa cikin Togo.

Ɗalibanmu na Maraɗi da Damagaram sun saba da rubutun Faransanci, inda waƙafi ke zama a madadin ɗigo, kamar 13,5. A Google Maps ɗigo ake sawa a cikin lamba, waƙafi kuma shi ke raba latitud da lonjitud. Na'urar da aka saita da Faransanci takan nuna O don yamma.

Aiki

1. Juya 13° 30' zuwa digiri mai ɗigo.
2. Juya 7.25 zuwa digiri da minti.
3. Wani ya aiko maka da 11.75 yana cewa minti 75 ne. Me za ka ce masa?
4. Ku fita ƙofar aji biyu-biyu da waya. Ɗaya ya buɗe taswira, ya danna inda kuke tsaye ya riƙe har lambobi su fito, ya karanto su da ƙarfi. Ɗayan ya rubuta a littafi, ya maimaita masa lamba bayan lamba, har da ɗigo, sannan ku yi musaya.