Yadda ake ƙirga sel da hemositomita ba tare da lissafi ya rikice maka ba

Wani ƙanina da ke karanta bayokemistiri a nan Kumasi ya same ni a Aboabo bayan isha'i yana ta ƙorafi, wai yaya kullum lissafin sel ɗina sai ya fita daban da na sauran mutane a lab. Na ce zauna, yawanci matsalar ba a madubin maikuroskop take ba, tun wajen haɗawa ake ɓata abin.

Ka fara goge hemositomitar, wato gilashin nan mai zanen murabba'ai da ake ƙirga sel (ƙwayoyin halitta) a kansa a ƙarƙashin maikuroskop, da etanol na kashi 70, ka huro masa numfashi kaɗan sannan ka manna ƙaramin murfin gilashin, in ya zauna daidai za ka ga launuka kamar bakan gizo a gefe.

Yanzu wajen da ake faɗuwa. Sel suna kwanciya a gindin kwalba kamar koko da aka ajiye, in ba ka motsa da fifet, wato siririn bututun ɗibar ruwa, sau da yawa a hankali ba to ruwan sama kawai ka ɗiba, kuma ba girgiza ta hauka ba don kar ka fasa su. Ka haɗa ruwan sel da shuɗin launin da ake kira trypan blue na kashi 0.4 daidai wa daida, ka ɗebi maikurolita 10 ka ɗiga a bakin murfin, shi da kansa zai zuƙe, kar ka tura da ƙarfi har ya malala cikin kwarin gefe. Matattun sel za su sha shuɗi, masu rai suna nan fes suna ƙyalli. Kar ka tafi sayen wake da shinkafa ka bar shi, bayan kamar minti 5 masu rai ma sai su fara shan launin.

Da madubin 10x na maikuroskop ka ƙirga sel ɗin da ke cikin manyan murabba'ai huɗu na kusurwa. Wanda ya taɓa layin sama ko na hagu ka sa shi, na ƙasa da na dama ka ƙyale.

A ce ka samu 48, 52, 45 da 55, jimla 200, raba huɗu 50. Ka ninka da 2 saboda launin da ka haɗa, sannan da 10,000 don kowane murabba'i maikurolita 0.1 yake ɗauka, mililita ɗaya kuma ya ninka haka sau 10,000, ka ga sel miliyan 1 a mililita ke nan. In lambobin huɗun sun yi nisa da juna sosai, ka wanke ka sake motsawa.