Yadda Ake Kwashe Bayanai Daga Tsofaffin Disket

Masu shagunan buga takardu a Maradi sun sha tambayata yadda za su ceto abin da ke cikin tsofaffin disket masu inci 3.5, wato faya-fayan ajiyar bayanai na kwamfutocin da.

1. Ku zame murfin ƙarfen, ku duba faifan ciki. Wanda ya yi fumfuna ku ware shi, domin yana ɓata na'urar karantawa.
2. Ku tura ɗan makullin da ke kusurwar disket ɗin har ramin ya buɗe, domin kada a goge ko a sauya abin da ke ciki.
3. Ku haɗa na'urar karantawa mai USB da kwamfuta.
4. Ku saka disket ɗin. Idan kwamfuta ta nemi a yi masa fomat, kada ku kuskura ku yarda, domin komai zai goge.
5. Ku kwafe duk abin da ke ciki, tunda bai wuce megabait 1.44 ba.
6. Ku adana kwafi na biyu a filas.
7. Ku ajiye disket ɗin nesa da lasifika (saboda maganaɗisunta) da ƙurar hunturu.