Darasi na 7: Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki a Gida

Kashi na ɗaya: Ku bari ya fara gwadawa

Idan likita ya tura mai shanyewar ɓarin jiki sashen gashi, wato inda ake sake koya wa gaɓoɓi motsi, ku sani ranar asibiti kaɗai ba ta wadatarwa. Wanda zai taso daga Anka ko Talata Mafara zuwa Asibitin Tarayya na Gusau ba zai iya zuwa kullum ba, kuɗin mota ma sun isa su hana shi, saboda haka yawancin aikin a tsakar gida za a yi shi. Watanni 3 zuwa 6 na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, don haka kada a bari su wuce yana kwance a ɗaki.

Ga inda yawancinku ke tuntuɓe. Idan za a ɗaga hannun da ya shanye, ku bar majinyacin ya fara gwadawa da kansa. Ku zauna a ɓangaren da ya shanye, ku ce masa, "Baba, gwada mu gani, ga ni kusa," sannan ku ƙirga 10 a zuci kafin ku sa hannu. Ko yatsa ɗaya ya motsa, ku nuna masa ya gani da idonsa, domin abin da ya gani shi zai hana shi karaya gobe. In ya kasa ku tallafa masa daga gwiwar hannu, kada ku ja hannun, kafaɗar tana iya gocewa.

A sake karantawa a hankali, ba gaggawa: shi ne zai fara, ku kuma ku jira. Shi, sannan ku.

Na je dubiya wani gida na tarar da ɗalibarmu tana ba mahaifinta fura, hannunsa na rawa yana nufar ludayin, ita kuwa ta riga ta kai masa baki wai kada ya ɓata riga. Na san tausayi ne, amma ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyon motsi, hannun da kullum ake yi wa aiki kuwa ba zai koyi komai ba. Riga ai ana wankewa! Sau nawa zan faɗa? Wasunku a aji sai su ce sun gane, da sun koma gida sai su koma gidan jiya. Ku jira, ku ƙirga 10, ku bari ya fara.

Kashi na biyu: Lokaci da ƙirga

Ku haɗa motsin da lokutan salla, kamar bayan Asuba da bayan La'asar, a yi adadin da ma'aikacin gashi ya faɗa, ana ƙirgawa da carbi. In an gama a ja layi ɗaya a kan ranar a kalanda, a tafi da ita ranar komawa asibiti.

Kashi na uku: Wanda ba ya iya tashi

A riƙa juya shi bayan kowace awa 2 don gudun gyambon kwanciya, kuma kada a daina maganin hawan jini sai likita ya ce.