Yadda ake neman digirin bincike kan yaɗuwar cututtuka daga Gombe ko Bauchi

Likita majinyaci ɗaya yake dubawa. Mai nazarin yaɗuwar cututtuka gari guda yake dubawa: su wa cutar ta kama, a wace unguwa, a wane wata, me ya sa ta tsallake gidan maƙwabci. Fannin bai tsaya kan likitoci ba. Nas, likitan dabbobi, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, da wanda ya karanci ƙididdiga duk suna shiga, ko da yake kowace jami'a da nata sharuɗɗan.

Abu na farko, kafin ka sayi fom, ka samo tambayar da za ka bincika. A nan ne mafi yawan ɗalibai ke ɓata shekara, alhali yankinmu ba ya rasa tambaya. Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo. A 2019 zazzaɓin shawara ya ɓulla a Alkaleri, wajen Yankari. Ga Kaltungo da asibitinta na masu saran maciji, inda kububuwa ke kwantar da manoma duk damina. Amma "saran maciji a Gombe" take ne kawai, bai zama tambaya ba. Tambaya ita ce: awa nawa ke tsakanin sara da isowa asibiti, kuma jinkirin yana da alaƙa da mutuwa? Da zarar ka rubuta ta haka, sai matsalar ta bayyana. Rajistar asibiti tana ɗauke da waɗanda suka iso ne kaɗai. Wanda aka kai wajen mai maganin gargajiya ya warke, ko ya cika a bayan babur kafin a iso, babu sunansa a littafin. Ɗalibin da ya gane wannan giɓi tun kafin malami ya nuna masa, ya riga ya fara tunani irin na fannin.

Sai zaɓen digiri. MPH, wato digiri na biyu kan lafiyar al'umma, ya fi karkata ga aikin ma'aikata da tsara shirye-shiryen lafiya, MSc, digiri na biyu na kimiyya, ya fi zurfi a dabarun bincike da lissafi. In digiri na uku kake hari, ina ganin MSc ya fi shirya ka. Jami'ar Ibadan tana da sashe na musamman kan wannan fanni da ƙididdigar lafiya, ABU Zariya da Bayero ta Kano kuma suna da kwasa-kwasan lafiyar al'umma. Akwai kuma shirin NFELTP da aka fara a 2008, na shekara biyu, wanda mafi yawan lokacinsa a fili ake yi, wajen bin sawun annoba, ABU ko Ibadan ce ke ba da digirin. Ɗaliban shirin sun yi aiki a Zamfara a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Ma'aikacin gwamnati da ba ya tsoron ƙura da tafiyar dare, wannan ya fi dacewa da shi.

Takardu ba su da wuyar fahimta: shaidar digiri, ta hidimar ƙasa, wasiƙun malamai, da cikakken sakamakon jarrabawa daga tsohuwar makarantarka. Wannan na ƙarshen ka nema da wuri, don yakan yi watanni. Mai HND ko mai sakamako mai rauni yakan fara da difilomar gaba da digiri.

Mai duba aikinka ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Karanta takardunsa biyu ko uku, sannan ka aika masa wasiƙa gajera: "Ranka ya daɗe Farfesa, na karanta aikinka kan kaza, ga tambayata a shafi ɗaya." Ka kuma nemi tsofaffin ɗalibansa ka tambaye su abu ɗaya: in an ba shi babi, sati nawa yake yi kafin ya dawo da shi? Babban suna mai yawan tafiye-tafiye yakan bar ɗalibi yana gadin ƙofar ofis.

Kafin a fara karatu, ka koyi sarrafa alƙaluma da hannunka. Manhajojin lissafi na Epi Info da R kyauta ne, Stata sai da kuɗi. KoboToolbox kuma zai ba ka damar cike tambayoyi a waya ko babu sabis. Kar ka biya wani ya yi maka lissafin. Ranar kare aiki, mai jarrabawa daga waje zai tambaye ka me ya sa ka cire tasirin shekaru ba ka cire na sana'a ba, kuma wanda ka biya ba ya cikin ɗakin.

Daga nan sai izinin kwamitin ɗa'ar bincike, na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa da ke Gombe ko Bauchi. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, don haka takardar neman yarda ta kasance da Hausa mai sauƙi, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, inda ake buƙatar Fulatanci ko Tangale a nemi tafinta. Takardar kwamiti ba ta isa ta shigar da kai ƙauye ba. Ka fara da hakimi, ya haɗa ka da dagaci da mai unguwa, kuma in mata za a yi wa tambayoyi a cikin gida, mace za ka ɗauka.

Ka lissafa lokacin izinin da lokacin cutar. Lassa da sanƙarau a rani suke tashi, saran maciji kuwa lokacin noma da girbi. In izininka ya fito bayan lokacin ya wuce, sai baɗi.

Batun kuɗi kuma, malaman manyan makarantun gwamnati suna da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Masu son fita waje su duba tallafin Commonwealth, ko Chevening mai neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, ko na sashen TDR da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ko ka samu ko ba ka samu ba, ka ware kuɗin aikin fili daban da kuɗin makaranta: man babur, alawus na masu taya ka tambayoyi, cajin waya. In aljihu bai kai ba, rage girman tambayar, ko ka gina ta kan bayanan da ma'aikata ta riga ta tara a DHIS2, manhajar adana bayanan asibitoci, bayan ka samu izininta a rubuce.